Taura Biyu a Baki Ɗaya: Lissafin Neman Digiri ga Mai Cikakken Aiki

A kowace shekara, idan aka liƙa sunayen waɗanda za su zauna jarrabawa a tsangayoyin adabi da nazarin harsuna na jami'o'inmu, akan ga wasu sunaye da ƴan aji ba su san fuskokin masu su ba. Galibinsu ma'aikata ne: malamin firamare da ke riƙe da aji a wani ƙauyen Madarumfa ko Magariya, mai gabatar da shiri a gidan rediyo, akawun ofis, tafinta a ƙungiyar agaji, ma'aikaciyar jinya. Ranar jarrabawa suke bayyana, riƙe da kwafin darussan da wani ɗan aji ya ɗauki hotonsu ya aiko ta WhatsApp. Mukan ce suna karatun "rabin lokaci". Amma in aka duba takardar rajistarsu, sau da yawa za a tarar babu abin da ya raba ta da ta yaron da ya fito daga lise bara: darussa iri ɗaya, yawa ɗaya, wa'adi ɗaya. Wato cikakken karatu aka ɗora a kan cikakken aiki, aka bar mutum ya san yadda zai yi. Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, maganar tana da lissafi a bayanta, kuma lissafin yana rubuce a cikin tsarin karatun da muke bi, sai dai ba mu cika karanta shi ba.

Abin da kiredi yake aunawa

Tsarin lisansi da masta da dokta, wanda kowa ke kira LMD, ya samo asali ne daga yarjejeniyar Bolonya ta 1999, kuma ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta da su rungume shi a 2007. A wannan tsari lisansi kiredi 180 ce, an raba ta zango shida, kowane zango kiredi 30. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar kiredi tamkar maki, wasu ma har sukan yi masa ba'a da kiredin waya. A haƙiƙa ma'aunin lokaci ne. Kowane kiredi yana wakiltar awoyin da ake zaton matsakaicin ɗalibi zai ɓatar kafin ya mallaki wani yanki na ilimi, an haɗa da zaman aji, da karatun kansa, da aikin gida, da jarrabawa. A Turai ana ƙiyasta shi tsakanin awa 25 da 30. A yankinmu an fi amfani da awa 20 zuwa 25.

To, mu ɗauki mafi sauƙi, awa 20. Zango ɗaya ya zama awa 600, lisansi gaba ɗaya awa 3,600. In zangon ya yi mako 15, to awa 40 ke nan a kowane mako. In kuwa aka ɗauki awa 25, sai ya haura zuwa awa 50. Mai karatu zai lura cewa awa 40 ɗin nan ita ce daidai makon aiki da dokar ƙwadago ta Nijar ta tanada. Saboda haka ma'aikacin da ya yi rajistar cikakkiyar shekara ya ɗauki aiki na biyu ne, mai nauyi ɗaya da na farko, ba tare da albashi ba.

Mako awa 168 ne. A cire 40 na aiki, a cire 49 na barci in mutum yana samun awa bakwai a dare, saura 79. A cire awa biyar a kowace rana na salla da wanka da cin abinci da zirga-zirga da cefane da duba yara, wato 35, saura 44. A takarda, awa 40 na karatu za su shiga, har da ragowar huɗu. Amma wannan lissafin na mutumin da ba ya gajiya ne, ba ya ciwo, ba ya zuwa suna ko ɗaurin aure ko gaisuwar rasuwa, ba a ɗauke masa wuta, zafin Afrilu da Mayu ba ya hana shi tunani, watan azumi kuma ba ya sauya masa komai. Babu irin wannan mutum a Tawa ko Maraɗi, kuma babu shi a ko'ina. Mace mai aure kuwa, wadda tukunya da renon yara ke jiranta bayan ta taso daga aiki, awa biyar ɗin da muka ware ba su kai rabin abin da gida ke ci mata ba.

A ganina, ma'aikacin da ya tsare kansa sosai, ya rage zaman fada da shan shayin dare, zai iya fitar da awa 15 na karatu mai inganci a mako: awa ɗaya da rabi a ranakun aiki biyar, sauran a Asabar da Lahadi. In ya riƙe haka mako 45 a shekara, ya tara awa 675. Wannan kuwa zango ɗaya ne da ƴan kai. Ma'ana, abin da cikakken ɗalibi ke yi a zango ɗaya, shi a shekara zai yi shi, lisansinsa kuma ta shekara shida ce.

Yadda wasu suka warware matsalar

Abin sha'awa shi ne jami'ar da ta fi shahara a wannan fanni ta tsaya ne a kan wannan adadi. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1969 da ƙoƙarin gwamnatin Harold Wilson da ministarsa Jennie Lee, ta karɓi ɗalibanta na farko, kimanin 25,000, a 1971. Digirinta kiredi 360 ne, kowane kiredi awa 10, wato awa 3,600, daidai da lissafinmu na sama. Tana shaida wa mai aiki tun farko cewa ya ɗauki kiredi 60 a shekara, ya ware awa 16 zuwa 18 a mako, ya sa ran gamawa a shekara shida. Ba ta neman takardar shaidar shiga daga mai neman digirin farko. A shekarunta na farko ta riƙa aika littattafai ta gidan waya, tana watsa darussa ta rediyo da talabijin na BBC, tana ba kowane ɗalibi malamin da zai gyara masa aikinsa a rubuce, tana kuma tara ɗalibai na mako guda lokacin hutu don abin da ba ya koyuwa daga nesa. Na fi ba wa malamin gyaran nan muhimmanci a kan dukkan sauran. Littafi da rediyo suna kawo darasi, amma ba sa gaya wa mutum inda ya kauce.

Tunanin ya girmi wannan jami'a nesa ba kusa ba. A Faransa an kafa makarantar CNAM tun 1794, kuma har yau an san ta da darussan bayan tashi daga aiki, waɗanda ma'aikaci ke tarawa ɗaya bayan ɗaya. A Landan, kwalejin Birkbeck ta faro a 1823 a matsayin makarantar masu sana'ar hannu, ta kuma yi suna da darussan ƙarfe shida zuwa tara na dare, inda digirin shekara uku kan zama na huɗu. A 1858 Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta ga waɗanda ba sa zama a kwalejojinta, ƙofar da ƴan Afirka da dama suka bi a zamanin mulkin mallaka. Jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu ta fara koyarwa ta wasiƙa a 1946.

Ana yawan kawo Nelson Mandela a matsayin misali, amma akan faɗi rabin labarin ne. Gaskiya ne ya kammala digirinsa na farko ta hanyar UNISA yana akawu a ofishin lauyoyi a Johannasbag. Sai dai digirin shari'a da ya fara a jami'ar Witwatersrand a 1943, yana haɗa shi da aiki da siyasa da iyali, bai samu ya gama shi a can ba. Sai a 1989 ya same shi daga UNISA, yana tsare, ƴan watanni kafin a sake shi. Mutum mai irin wannan ƙwazo ma, da kaya suka yi yawa, karatun ne ya fara faɗuwa.

Kusa da mu, a Nijeriya, an kafa buɗaɗɗiyar jami'a a 1983 zamanin Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000 zamanin Obasanjo; ita ce ake kira NOUN. Akwai kuma wata dabara da jami'o'i da kwalejojin horon malamai na can suka daɗe suna amfani da ita, wadda nake ganin ta fi dacewa da malamanmu na karkara: a tara darussa a lokacin dogon hutu, malami ya zo ya zauna makonni yana karatu ba dare ba rana, ya koma ajinsa da aikin da zai yi kafin hutu na gaba. Wanda ke koyarwa a nisan kilomita ɗari daga jami'a, darasin dare ba ya yi masa amfani, intanet kuma ba kullum take kai masa ba. Hutu kuwa nasa ne, ko da yake a nan ma damina tana da nata haƙƙi a kan mai gona.

Hanyoyin sun sha bamban, amma babu ɗaya a cikinsu da ta rage yawan awoyin da digiri ke ci. Sun sauya lokacin darasi, ko wurinsa, sun kuma tsawaita wa'adi.

Abin da ke hannunmu

Tsarin LMD da kansa yana ɗauke da makamin da ake bukata, wato ƙa'idar tara kiredi: ƙunshin darasin da ɗalibi ya ci ya zama nasa, ba ya sake shi. Da wannan ƙa'ida ma'aikaci zai iya cin rabin darussan shekara bana, rabi baɗi. Abin da ke hana haka yawanci ba ya wuce dokokin cikin gida: sau nawa aka yarda mutum ya yi rajista a aji ɗaya, shin wanda ya raba shekara biyu ana lissafa shi cikin waɗanda suka faɗi, shin halartar darussan gwaji na ƙananan rukunoni wajibi ne, kashi nawa gwaje-gwajen cikin zango ke ɗauka a makin ƙarshe. A jami'o'in Faransa akwai tsari na musamman da ke sassauta wa ɗalibi mai aiki wajabcin halarta, ya kuma ba shi damar dogara da jarrabawar ƙarshe. Ya kamata duk ma'aikacin da ke shirin rajista a nan ya nemi dokar tsangayarsa a rubuce, ya karanta amsoshin waɗannan tambayoyi, kada ya dogara da "an ce". Ga kuma matsalar da kowa ya sani, ta shekarun karatu da ke hawa kan juna saboda yajin aiki da jinkiri. Cikakken ɗalibi yana jin zafinta, amma ma'aikaci ya fi shi, domin shi sai ya nemi izini tun da wuri, kuma ba a neman izini a kan ranar da ba a sani ba.

Ma'aikacin gwamnati yana da ƙarin tambaya guda. Ƙarin matsayi bayan ƙarin karatu yana da ƙa'idojinsa, kuma samun takardar digiri daban yake da a amince da ita a ma'aikata. Wanda burinsa ƙarin girma ne, ya bincika tun kafin ya biya kuɗin rajistar farko wane irin izini ake bukata. Shekara shida ba abin wasa ba ce.

Darussan da ke jure kaɗaici da waɗanda ba sa jurewa

Tunda awoyin ma'aikaci ƙidayayyu ne, kuma ranakun da zai iya zuwa jami'a sun fi su ƙaranci, dole ya san inda zai kashe su. A fanninmu darussa ba ɗaya suke ba ta wannan fuska.

Tarihin nazarin harshe, da mazhabobinsa, da babban ɓangare na ilimin walwalar harshe, da adabi, duk ana iya karanta su a ɗaki, in akwai littafi. Ginin kalma da ginin jimla suna tsakiya: ana iya fahimtar bayani daga takarda, amma ƙwarewa sai da yawan gwaji da wanda zai duba. Ɗalibi yana iya haddace giredin aikatau bakwai da Parsons ya tsara a 1960, ya zayyano su tsaf, amma a ba shi aikatau goma daga wata hira ya kasa rarraba su. Wanda ke karatu shi kaɗai ba ya gane wannan giɓi sai a ɗakin jarrabawa.

Ilimin furuci kuwa ba ya yafe wa wanda bai zo ba. Dalili shi ne horon kunne ne da na baki. Kasancewar mutum Bahaushe ba ta isa ba, har ma takan yaudare shi. Kowannenmu yana bambanta kukan yaro da itacen kuka ba tare da tunani ba, amma a ce ya rubuta cewa na farko karin sautinsa sama-sama ne, na biyu sama-ƙasa, sai ka ga ana inda-inda. Haka tsawon wasali tsakanin garin da ake zama da garin tuwo, haka ra-kaɗe ta "sarki" da ra-gare ta "karatu", waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa. Irin wannan sai malami ya furta, ɗalibi ya rubuta, a gyara nan take, a sake. Manhajar Praat, wadda ake samu kyauta, tana taimakawa wajen ganin hawa da saukar murya, amma wanda kunnensa bai horu ba zane kawai yake kallo. Saboda haka shawarata ita ce, ma'aikacin da ke da ranakun izini kaɗan ya zuba su a kan furuci da tsarin sauti da darussan gwaji na ginin jimla, ya bar na karatu zalla ga darensa.

Game da daren kuma, akwai abin da masu nazarin tunani suka tabbatar tun daga gwaje-gwajen Hermann Ebbinghaus na 1885: abin da aka maimaita a rarrabe cikin kwanaki ya fi zama a kai fiye da wanda aka ɗura a zama ɗaya. A nan ma'aikaci bai yi asara ba. Awa ɗaya da rabi kullum, musamman bayan asuba kafin gari ya yi zafi, ta fi kwana uku na rashin barci gab da jarrabawa, wanda shi ne abin da masu kwafin WhatsApp ke ƙarewa a kai.

Wurin aiki a matsayin fagen bincike

Akwai ribar da ɗalibin harshe mai aiki ke da ita wadda ɗalibin lissafi ko na sinadarai ba shi da ita: awa 40 ɗin da aiki ke cinye masa, cikin harshe yake yin su.

Benjamin Lee Whorf, wanda duk mai karanta wannan mujalla ya san sunansa a haɗe da na Sapir, bai taɓa zama cikakken malamin jami'a ba. Injiniyan sinadarai ne, ya yi rayuwarsa ta aiki yana binciken musabbabin gobara a wani kamfanin inshora a Hartford ta Amurka. Da Edward Sapir ya koma jami'ar Yale a 1931, Whorf ya riƙa zuwa darussansa yana ci gaba da aikinsa, bai kuma karɓi digiri a fannin ba har ya rasu a 1941. Shahararren misalinsa daga wurin aiki ya fito: ya lura ma'aikata suna taka-tsantsan kusa da gangunan da ke cike da fetur, amma suna shan taba kusa da waɗanda ake kira "fanko", alhali tururin da ke cikinsu ya fi haɗari. Kalmar ce ta sa suka saki jiki. Sai dai shi ma ya biya kuɗin rashin lokaci. Yawancin abin da ya sani na harshen Hopi daga mutum ɗaya mazaunin birnin Niyok ya samo shi, ziyararsa ƙasar Hopi gajera ce, kuma a 1983 Ekkehart Malotki ya fitar da littafi mai kauri yana nuna cewa abin da Whorf ya faɗa game da lokaci a wannan harshe bai tsaya ba.

A ƙasarmu fagen a buɗe yake. Tun 1973 aka fara makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma malamin da ke aji mai harshe biyu yana ganin abin da babu littafin da ya tattara: inda yaro mai cewa "tahi" da "hwari" da "ɗiya" ke tuntuɓe da daidaitaccen rubutu, da irin kurakuran Faransanci da tsarin Hausa ke haifarwa. Ma'aikaciyar jinya tana jin yadda Ba'adare da Bagobiri ke siffanta ciwo, da abin da ke salwanta idan aka mayar da shi Faransanci a takardar likita. Ma'aikacin rediyo kullum yana yanke hukunci tsakanin "lakkol" da "makaranta", tsakanin kalmar da aka aro daga Faransanci da wadda ta tsallako daga Kano da asalin Ingilishi, kuma yana yin haka cikin gaggawa, minti kaɗan kafin labarai. William Labov, wanda shi ma ya yi kimanin shekara goma yana aikin sinadarai kafin ya shigo fannin, ya bayyana babbar matsalar mai bincike: muna son jin yadda mutane ke magana idan ba a sa musu ido, amma ba mu da hanyar ji sai mun sa musu ido. Ma'aikaci ya riga ya zama ɗan gida, ba a gyara murya saboda shi. Kundin lisansi ko na masta da aka gina a kan irin wannan fage yakan rage wa mai shi watannin neman bayanai, kuma sau da yawa ya fi na cikakken ɗalibi nama.

Amma zama ɗan gida yana da sharaɗi mai nauyi. Majinyacin da ke gaban ma'aikaciyar jinya, da yaron da ke gaban malaminsa, da mai ƙara da ke gaban tafinta, duk ba su da cikakken ikon cewa a'a, domin suna bukatar wanda ke tambayarsu. Ɗaukar muryarsu a ɓoye cin amana ne, ko da sakamakon zai yi kyau a kundi. Dole a nemi yardar shugaban wurin aiki, da ta mai maganar ko iyayensa in yaro ne, a bayyana masa cewa ƙin yarda ba zai taɓa maganinsa ko makinsa ba, a kuma cire sunaye da duk abin da zai sa a gane shi kafin bayanan su bar wurin. Inda hakan ba zai yiwu ba, kamar ɗakin duba marasa lafiya ko zaman sirri na kotu, sai a ajiye na'ura, a wadatu da ƙaramin littafin aljihu da ake rubuta kalma ko sigar jimla bayan an tashi, ba tare da labarin mai ita ba.